Gizon da Ka Kama Ranar da Aka Kashe Ka

Zuwa ga yayana Attahiru, ɗan kabu-kabun Bahindi, a inda Ubangiji ya ajiye ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ƙanwa take yi wa wanta, ina fatan an yalwata maka kabarinka, an kuma haskaka maka shi. Ni ce Safiya. Na san ba a karanta wasiƙa a inda kake, ko da kana nan ma ai ba ka cika karantawa ba, sai ka ce in taƙaita maka da baki kana ɗaure kaya a bayan babur. Amma akwai labarin da ya zame mini dole in ba ka, kuma na zaɓi in ba ka shi a nan shafina, a gaban duk wanda ya ga dama ya leƙa. Akwai waɗanda nake so su gani, kuma sun san kansu.

Maganar suna ce. Ɗan gizon nan da ka kama mini ranar da aka kashe ka, ya tabbata babu wanda ya taɓa rubuta irinsa a duniya. Ba shi da suna, kuma ni ke da ikon raɗa masa. Naka na so in sa masa. Tun daga lokacin nake kokawa a kan haka, da malamina, da Inna, har da hannuna. Bari in faro daga abin da ka sani, don masu karatu a bayan kafaɗata ba su sani ba.

Ka tuna ranar da na dawo daga jami'a na ce karatuna na gaba a kan gizo-gizo zan yi? Kawu ya ce ’yar wane likita za ta zama, ’yar wane lauya, tasu kuwa ta zaɓi kamun ƙwari. Kai ne ka fashe da dariya har fura ta ƙware ka, ka ce, “To Malama, da miya ake cinsu ko da yaji?” Washegari kuma kai ne ka goge babur ka ce in hau mu je, tunda dai ba za ka bari wani ƙato ya riƙa yawo da ƙanwarka a daji ba.

Ba mai saƙa a kusurwar ɗaki nake nema ba, wanda Inna take kakkaɓewa da tsintsiya. Nawa ba ya kafa tarko. Ɗan mitsitsi ne, wani ko ƙwayar shinkafa bai kai ba, kuma da rana tsaka yake farauta, da ido. Idanunsa takwas, biyun gaba manya. Yakan laɓaɓa, ya manna zare a inda yake tsaye don kada ya faɗi, sai ya daka tsalle ya dira a wuyan ƙuda, ya kafa haƙora, ya zuba dafi, ya riƙe gam har ƙudan ya daina shure-shure. Ranar da ka fara ganin haka a jikin katangar masallacin unguwarmu, ka ja da baya ka ce, “Wanga ba gizo ba ne, ɗan hwashi ne.” Daga ranar ka fi ni zumuɗin nemansu.

A bayan babur na yi ta yi maka bayani, iska tana kwashe rabin maganar. Na ce maka masana sun tara duk masu tsallen nan a dangi ɗaya da ake kira Salticidae, iri-irinsu dubbai ne, babu ƙasar da babu su. A cikin dangin akwai gidaje, a cikin kowane gida akwai iri daban-daban. Shi ya sa kowannensu sunansa biyu ne, na gidansu a gaba, nasa na kansa a baya. Ka ce ashe sun fi mu ladabi, mu da muke sa namu a gaba mu bar na uba a baya.

Na kuma ce maka launi yaudara ne a wannan aikin. Biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, alhali ba iri ɗaya ba ne. Abin da ke raba su shi ne wasu ’yan hannaye biyu da namijin yake da su a gefen baki, da su yake barbara, kowane iri da yadda nasa suka lanƙwasa, kamar makulli da kwaɗonsa. Ka taka birki a tsakiyar hanyar Geza, ka juyo ka ce in ji tsoron Allah, ni fa ƙanwarka ce, wannan magana ba ta bayan babur ba ce. Dariya na yi har na kusa faɗowa.

Dokar raɗin sunan ma ka haddace ta. Dole a kashe ɗaya a ajiye gawarsa a cikin sifirit a ma'ajiyar jami'a, ya zama shi ne shaida, duk mai gardama ya zo ya duba. Dole a rubuta inda aka samo shi. Wanda kuma ya riga buga sunan a mujallar masana, nasa ne ya zauna, na bayansa ya zama shara. In ya zauna kuwa ya zauna ke nan, babu mai goge shi.

A daminar bara muka sami matan gizo biyu a gindin wani suri, can bayan Kaoje, hanyar iyakar Benin, inda ’yan jarkokin fetur suke ratsawa. Malamina na jami'a ya duba su ya ce ’yan gidan Stenaelurillus ne, masu bin ƙasa suna cin gara, amma bai ga sun yi daidai da kowa a littafi ba. Ya ce da mata kaɗai ba zai yanke hukunci ba, sai an sami namiji. Shi ya sa muka koma da ruwan farko na bana.

A wajen mai facin taya a Kaoje muka ji cewa mutanen daji sun shiga wani ƙauye a makon, sun kashe maza, sun kora shanu. Muka ji ana cewa sai da ɗan gari ake cin gari, wani ne ya nuna musu hanya. Ba mu yi ganganci ba, Yaya, kuma ina so masu karatu su ji wannan da kyau. Ƙauyen da ke kusa da surin muka fara shiga, muka nemi mai gari, aka ce ya tafi ta'aziyya. Muka gaida dattawan da ke ƙofar gidansa, ka faɗi sunanka da na mahaifinmu da garinmu, ka faɗi abin da ya kawo mu. Suka ce Allah ya ba da sa'a. Wannan ƙauyen ba zan kama sunansa ba, a nan ko a ko'ina.

Hantsi ya ɗaga, rana ta fara zafi, lokacin fitowarsu ke nan. Kana kwance rub da ciki a gindin surin, ƙato da kai, kana riƙe da ’yar kwalba. Sai na ji ka yi raɗa, “Safiya, ga angon!” Na rarrafo na gan shi. Baƙi ne mai farin zane biyu a gadon baya, fuskarsa ja wur, gara a bakinsa tana ta murɗawa. Ka kifa masa kwalbar a hankali, ka zura ganye ta ƙasa, ka miƙo mini kana washe baki. Ban zuba masa sifirit ba, don ina so in ɗauki hotonsa da rai. Na toshe kwalbar da auduga, na ƙulle ta a gefen mayafina yadda Inna take ƙulle goro.

Ban gama ƙullin ba suka iso. Su uku ne da farko, biyu da gora, ɗaya da bindigar toka. Ka tashi ka kakkaɓe rigarka ka yi musu sallama, ba su amsa ba. Mai bindigar ya fizgi jakata ya zazzage ta a ƙasa. Kwalabe suka watse, kowacce da ’yar takarda a ciki mai lambobin wurin da aka kamo abin da ke cikinta. Ɗaya ya buɗe kwalba ya shinshina, ya tofar da yawu ya ce giya ce. Ɗayan ya ƙwace wayata, ya ga taswira da jajayen ɗigo-ɗigo kewaye da ƙauyensu, wato wuraren suri da muka taɓa dubawa. Shi ne ya fara furta kalmar. Ya ce infoma.

Kafin ka buɗe baki mutane sun fara ɓullowa daga gonaki da fartanya a hannu. Wani ya ce mu muka kai wa mutanen daji lambar gari. Wani ya ce a'a, asiri muke binnewa, in ba boka ba wa ke kwanciya a gindin suri da kwalba? Wani ya ce gubar da za a zuba a rijiya ce. Kowa ya zaɓi laifin da ya fi kwanta masa a rai. Na ɗaga kwalba ɗaya ina ihu su duba, gizo ne a ciki, gizo ne kawai! Wallahi babu wanda ya duba.

Ka shiga tsakanina da su, ka tura ni bayanka, ka ce, “Kayan nan nawa ne, ita rakiya ta yi.” Ƙarya ɗaya ke nan da na taɓa ji daga bakinka. Gorar farko a kunne ta same ka, na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Ka durƙusa ka miƙe. Ta biyu ta karya maka hannun da ka kare kai da shi, na ga ƙashin ya turo fata. Suka rufe ka. Fartanya, ƙotar gatari, taɓarya da wata mata ta miƙo daga bayan darni. Da sanduna suka yi kaɗan, sai suka koma ɓantaro ƙasar surin, ka san taurinta, suna maka maka a kai da hannu biyu.

Na faɗa cikinsu. Na kama hannun wani na gartsa masa cizo har na ji gishirin jininsa a bakina, kuma ban yi nadama ba, da na sami dama da na cire masa yatsa. Ya naushe ni a baki, haƙorana biyu suka zube. Wani ya shaƙe ni da mayafina yana jana a ƙasa. Wata dattijuwa mai tallan nono ce ta yar da ƙwaryarta, ta faɗa a kaina ta rufe ni da jikinta, tana zaginsu da Fulatanci. Ta ja ni zuwa wata bukka a bakin gona, ta tura ni ciki, ta zauna a ƙofar ta ce duk mai son shiga sai ya taka ta. Har yau ban san sunanta ba.

Ta hudar zana na ga sauran. Na ga ka ɗaga yatsan shahada, wani ya sa ƙafa ya take shi a ƙasa. Na ji ka kira, “Safiya, tahi!” sau biyu, na biyun da ƙyar. Na ga ƙafafunka suna shuri suna tona ƙasa, sannan suka rage, sannan suka tsaya. Ba su daina dukan ba sai da hannayensu suka gaji. Suka kwance jarkar da ke bayan baburinka suka tuttula masa fetur suka cinna masa wuta, yara suna tsalle. Ana cikin haka aka kira sallar azahar. Na ga mutanen da jininka ke gwiwar hannunsu sun nufi rijiya sun yi alwala. Allah ya isa, Yaya. Allah ya isa!

Da la'asar mai gari ya dawo. Bai gane fuskarka ba, don babu fuskar da za a gane. Dattawan ƙofar gidansa ne suka ce ai yaron nan ne da ya gaishe mu da safe, ɗan gidan wane na Bahindi. Ina suke lokacin da ake dukan? Sai aka shiga salati, aka shiga cewa tsautsayi ne, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. An kama wasu daga baya, an sake su. Na ji an ce wanda na ciza yana nan yana noman shinkafarsa.

Kawu ne ya yi maka wanka. Ya fito ya zagaya bayan rumbu ya yi ta amai, bai sake cewa komai game da kamun ƙwari ba. Sai da aka sauya likkafani, na farkon jini ya ɓata shi. A zaman makoki ina jin mata suna ƙus-ƙus, wai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wannan karon wani ya ja, ruwan ya doki wani. To su ji da kyau, su da masu turo mini irin wannan magana a waya. Ni ban ɗauki gora ba, ban miƙa taɓarya ba. Aikin halal muka je yi da rana tsaka, da sallama. Ba zan karɓi kayan wasu in ɗora a kaina ba, don su sami barci.

Matarka Hajo ce ta ga gizon. Tana cikin takaba, da cikinta da ya fara fitowa, ta ɗauki mayafina za ta jiƙa don jinin ya fita, sai ta ji ƙulli. Ta kwance ta miƙo mini kwalbar. Ni na ma manta da shi. Duk jan da aka yi mini a ƙasa kwalbar ba ta fashe ba. Na ɗaga ta a haske, sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya ya zuba mini manyan idanun nan. Haka suke yi, su kaɗai ne gizon da ke kallon mutum ido cikin ido. Na rungume kwalbar na yi kukan da ban iya yi ba a ranar jana'iza.

Na kasa kashe shi. Na samo kwalba babba na zuba masa yashi, kullum in je bayan gida in ɓantaro itacen da gara ta ci in kawo masa. In zauna in ga ya laɓaɓa ya dira a kanta. Shi ne abu mai rai na ƙarshe da ya fito daga hannunka zuwa nawa. Har aka yi sadakar arba'in yana nan a ƙarƙashin gadona.

Malamina ya kira ya yi mini ta'aziyya, mutumin kirki ne. Sannan ya gaya mini gaskiya. Ya ce namiji ba ya daɗewa, in na bari ya mutu da kansa zai bushe ya ƙanƙance, ko kiyashi su riga ni, shi ke nan shaida ta lalace. Ya ce akwai masu irin aikinmu a tsallaken iyaka, a Benin, dajin kuma ɗaya ne, gizo bai san shinge ba. In suka kama irinsa suka riga mu bugawa, sunansu ne zai zauna. Sai ya ƙara da cewa abin da aka fi sabawa shi ne a sa wa sabon iri sunan garin da ya fi kusa da inda aka same shi. Kai! Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, mutumin da a haife ya haife ni. Garin da ya kashe ka shi za a ba tukwicin suna har abada? Na ce masa gara gizon ya mutu ba suna. A takarda lambobin wurin na rubuta, na ce daji ne a yankin Kaoje, doka ta cika.

Na kai shi ɗakin gwaji da kaina. Na ɗauki hotunansa ta kowane gefe, na yi ta ɗauka har babu sauran dalilin jinkiri. Na yi bisimilla na zuba sifirit. Ya yi tsalle ya bugi gilashi, ya sake yi. Sannan ya kife, ƙafafunsa suna shuri, suka rage, suka tsaya. Na taɓa yi wa ɗaruruwa haka ban ji komai ba. Ranar sai da na fita na riƙe bango, abin da ke cikina duk ya dawo.

Na koma na wanke fuska na zauna a gaban madubin ƙara girma. Da matsefata da bakin allura na ɓalle masa hannun hagu daga gindi, don haka ake yi, na kwantar da shi na juya. Lanƙwasar da na gani babu ita a kowane zane da aka taɓa bugawa na gidansu. Malamina ya duba, ya aika wa wasu masana hotuna, kowa ya dawo da magana ɗaya. Sabo ne, Yaya. Idonka bai yi kuskure ba.

Na zaci wahala ta ƙare, ashe da saura. Na je na durƙusa gaban Inna na gaya mata niyyata, don ba zan ɗauki sunan ɗanta in kai duniya ba tare da izininta ba. Tana tsince shinkafa, ta ajiye faifan. Ta ce, “Suna linzami ne. Da rago anka yanka mashi sunan nan, liman ya yi addu'a. Shi za ki ɗauka ki liƙa ma gizo, maƙaryacin tatsuniya?” Na ce a wurin masana wannan girmamawa ce babba, manyan mutane ake yi wa. Ta ce masana ba su yi naƙudarka ba. Na ɗaga murya, na ce ai saboda gizon ka mutu. Sai ta kwaɗa mini mari, a daidai inda haƙoran suka fita. Tun da ta haife ni ba ta taɓa dukana ba sai ranar.

Da ta huce ta kira ni ta faɗi abin da ke ranta. Ta ce sunan yana da mai shi, yana cikin Hajo. In an haifi namiji za a mayar masa da sunan ubansa, kamar yadda ake yi, kuma jikanta ba zai yi takwara da ƙwaro ba, yara su riƙa tsokanarsa a makaranta. Gaskiyarta ce ta uwa. Na rubuta komai na bayanin gizon, tsawonsa, launinsa, zanen hannunsa, na bar gurbin sunan a buɗe.

Watannin nan sun ci ni. Malamina yana kira yana tambaya, ni ina cewa a ƙara mini haƙuri. Duk sanda sabuwar mujalla ta fito sai in buɗe ina neman jar fuska da farin zane biyu a ƙarƙashin sunan wani baƙo. In na ɗaga hannu zan yi wa Hajo addu'a sai in rasa me zan roƙa. In ce namiji, na rasa sunan. In ce mace, na yi wa Inna da kai rowar magaji. Sai in ce Allah ya sauke ta lafiya, in shafa.

Ta sauka lafiya bayan an gama yankan shinkafa. Mace ce, Yaya. Goshinka ta ɗauko sak, da kunnuwan nan naka da muke tsokana. An sa mata Amina. Inna ta karɓe ta ta yi mata addu'a, ta yi hidimar suna yadda ya kamata, ba ta nuna komai ba. Ni ma ban tayar da maganar ba, na ji kunyar in zama kamar mai jiran gado.

Bayan baƙi sun watse, da hantsi, Inna ta aiko a kira ni ɗakinta. Ta ce in nuna mata abin. Na buɗe hoton a waya na ƙara masa girma har fuskar ta cika gilashin. Ta riƙe wayar nesa da ido ta daɗe tana kallo, shi ma kamar yana kallonta. Ta tambaya ko da hannunka ka kama shi, na ce da hannunka. Ta ce, “Kin ce in anka rubuta babu mai gogewa?” Na ce babu. Ta ce ko sarki, ko gwamna? Na ce ko su.

Sai ta ce, “Su waɗanga da sunka kashe shi, ƙwaron nan bayan gidansu yake. In ɗiyansu da jikokinsu sunka yi boko, sunka so sanin mi ne ne shi, da wane suna za su kira shi?” Na ce da naka, babu wani sunan da za su samu a duniya.

Ka san kai ɗan fari ne, ka san kunyar Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai dai “wancan” ko “yayanku”, ko da ka yi rashin lafiya, ko ranar da aka shigo da kai a tabarma. Ta miƙo mini wayar, ta dube ni ido cikin ido ta ce, “To rubuta. Rubuta Attahiru. Ki rubuta shi daidai, su faɗe shi ko suna so ko ba su so.” Sannan ta juya fuskarta ga bango, ni kuma na fita na bar ta.

A ranar na cike gurbin na aika. Babu wanda ya riga mu. A makon jiya ya fito a mujalla, da hotonsa da zanen hannunsa: Stenaelurillus attahirui. Na gidansu a gaba, naka a baya. Na karanta wa Hajo, ta sa na maimaita har ta iya, yanzu tana faɗa wa Amina a kunne in tana ba ta nono.

Yayana, abokin tafiyata, Allah ya jiƙanka da rahama. Allah ya sa dukan da ka sha ya zama kaffara, ya karɓi shahadar da aka take maka yatsa a kanta. Allah ya raya Amina ya shirya ta, ya ba Hajo da Inna dangana. Allah ya saka wa dattijuwar nan mai nono da gidan Aljanna, ya san sunanta ko da ni ban sani ba. Su kuwa waɗancan, malamai sun ce yafiya ta fi, na ji, amma ban kai wurin ba, kuma ba zan yi maka ƙarya a wasiƙa ba. Na bar su da Wanda ya ga komai a gindin surin nan, ranar da kowa zai amsa sunansa.

Wassalamu alaikum.

Ƙanwarka mai kewarka,
Safiya, daga Bahindi.